Yadda Ake Kula da Bututun Numfashi a Maƙogwaron Yaro a Sashen Kulawa ta Musamman

Babban haɗari biyu ne: toshewar bututu da zamewarsa. Tunda iska ba ta bi ta hanci, dole a ba ta danshi, in ba haka ba majina ta daskare ta toshe hanya.

Wajen zuƙe majina, a ninka lambar bututun don sanin girman robar zuƙa: bututu 4.0, roba mai lamba 8. Kada robar ta zarce ƙarshen bututun, kada a haura daƙiƙa 10, domin zurfafawa kan raunata hanyar iska har jini ya fito.

Igiyar da ke riƙe bututun a wuya ta bar gurbin yatsa ɗaya kawai. A makon farko bayan tiyata, ramin da aka huda a wuya don saka bututun bai kafu ba, shi ya sa likitan tiyata ne ke canjin bututun na farko. Kullum a ajiye bututu biyu kusa da gado: daidai nasa, da wanda bai kai shi girma ba.