Kurakuran da masu tara hotuna da kayan tarihin sace ɗan Lindbergh suka fi yi

A daren 1 ga Maris 1932 aka sace Charles Lindbergh ƙarami, yaro ɗan wata 20, daga gidan iyayensa kusa da Hopewell a jihar New Jersey ta Amurka. An biya dala 50,000 kuɗin fansa, amma ranar 12 ga Mayu aka tsinci gawarsa a wani daji da bai da nisa da gidan. Da yake uban shi ne matuƙin jirgin saman da ya tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, jaridu sun yi wa lamarin caa, tun daga ranar satar har zuwa shari'ar Bruno Richard Hauptmann, wanda aka tuhuma da laifin, a garin Flemington a 1935 da zartar masa da hukuncin kisa ranar 3 ga Afrilu 1936. Saboda haka hotuna da takardun lamarin suna da yawan gaske a kasuwa, kuma wannan yawan ne yake jefa sabon mai tarawa cikin asara.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya ƙura wa fuskar hoto ido ya manta da bayansa. Ranar da aka ɗauki hoto daban, ranar da aka wanke shi daban, domin kamfanonin labarai sun ci gaba da wanke tsofaffin hotunan shekaru da dama, duk lokacin da maganar ta sake tasowa. Hoton Hauptmann a kotu wanda aka wanke a 1935 da wanda aka wanke a 1975 suna iya zama iri ɗaya a ido, amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Masu tantancewa sun fi fifita wanda aka wanke daga fim ɗin asali cikin kimanin shekara biyu da ɗaukarsa. Gyaran shi ne kada ka biya ko sisi sai an nuna maka bayan hoton. A can za ka tarar da hatimin kamfani irin su Acme ko International News Photos ko Wide World, da hatimin kwanan watan da jarida ta karɓa, da 'yar takardar bayani da aka buga da tafireta aka manna, wadda sau da yawa ta yi ja-ja, gam ɗinta ya bushe. Hatimin da kansa yana faɗin shekarunsa. Idan ka ga UPI, wato kamfanin labarai na United Press International, to an buga shi ne daga 1958 zuwa sama, shekarar da aka kafa kamfanin da wannan suna, haka kuma adireshi mai lambar gidan waya ta ZIP ba zai girmi 1963 ba. Takardar ma tana ba da shaida: wadda take da santsin roba gaba da baya ta zo ne a ƙarshen shekarun 1960, wadda kuma ta yi haske fari fat a ƙarƙashin fitilar da ake gwada jabun kuɗi da ita tana ɗauke da sinadarin da sai a shekarun 1950 ya shiga takardar hoto. Rashin hasken shi kaɗai bai tabbatar da tsufa ba, don haka a haɗa shi da sauran alamun.

Akwai kuma masu ɗaukar hoton da aka aiko ta waya a matsayin na asali. Kamfanin Associated Press ya fara aika hotuna ta layin waya ne ranar 1 ga Janairu 1935, kwana ɗaya kafin buɗe shari'ar, kuma ana gane irinsu da bayanin da ya fito a jikin hoton ta gefe da kuma dishi-dishinsu. Suna da tarihinsu, sun cancanci ajiya, amma a saye su da farashin da ya dace da su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai goge hoto don ya yi tsaf. Editocin wancan zamani sukan ja layi da fensir mai maiƙo don nuna inda za a yanke, sukan kuma shafa farin fenti ko ruwan toka a kewayen fuska don ta fito sosai a jarida. Wanda ya sa auduga da ruwa ya share waɗannan ya share hujjar cewa hoton ya ratsa ɗakin labarai, kuma ba ta dawowa. A bar su yadda suke, a bar takardar bayanin a manne ko da ta yage.

Sai batun kayan da ake cewa sun taɓa lamarin kai tsaye, inda yaudara ta fi ƙamari. Tsanin katakon da aka gabatar a kotu a matsayin wanda aka hau aka sace yaron, wanda masanin itace Arthur Koehler ya danganta wani sashensa da katakon daɓen ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidan Hauptmann, yana gidan tarihin 'yan sandan New Jersey a West Trenton tare da wasiƙun neman fansa. Duk wanda ya tallata maka guntun tsanin ko wasiƙar asali, nauyin kawo hujja yana wuyansa, kuma labarin cewa kakansa ya yi aiki a kotun ba hujja ba ne sai da takarda. Ƙananan tsanukan katako da 'yan talla suka riƙa sayarwa a ƙofar kotun Flemington na gaske ne a matsayinsu na tsaraba, sai dai kowane kafinta yana iya ƙera irinsu a yau, don haka a nemi tarihin hannayen da suka bi. Haka sanarwar cigiyar yaron mai ɗauke da hotunansa biyu, an sha sake buga ta. Takardar kuɗi kuwa gwajinta mai sauƙi ne, tunda hukuma ta rubuta lambobin kuɗin fansar ta rarraba wa bankuna, kuma ta hanyar takardar dala 10 da Hauptmann ya kashe a gidan mai aka kai gare shi a Satumba 1934. Idan lambar ba ta cikin jerin, tsohon kuɗi ne kawai.

Sa hannun Lindbergh yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta wa kansa ba ta da wani nauyi. A kai wa mai tantancewa wanda ba shi da kaso a cinikin.

Wajen ajiya ma ana ɓarna da kyakkyawar niyya. Manne takarda cikin roba da injin zafi ba ya warwaruwa, salatif yana barin tabo, kundin hotuna mai shafuka masu danƙo yana cin bayan hoto, rana kuma tana kashe shi a hankali. Takardar jarida tana da tsamin da ke rina duk abin da ya jingina da ita, don haka a raba ta da hotuna. Kowane hoto ya samu rigarsa ta roba irin wadda gidajen adana tarihi suke amfani da ita, a sa su a kwali marar tsami, a ɗaki mai sanyi marar laima. Idan ana son ratayewa a bango, a rataye kwafi. Duk abin da za a rubuta a rubuta da fensir a takarda daban: wanda ya sayar, ranar saye, farashi, da abin da ya faɗa game da asalin kayan.

Mai tarawa yakan shagala da farauta har ya mance cewa jariri aka kashe, kuma wani mutum ya mutu a kujerar lantarki yana musanta laifin, matarsa Anna ta ci gaba da neman wanke shi har rasuwarta a 1994. Hotunan gawar yaron suna yawo a kasuwa, ni dai ba na ganin dalilin sayensu. Idan kuma za ka rubuta bayani a ƙarƙashin abin da ka tara, ka rarrabe abin da kotu ta yanke da abin da marubuta suka yi hasashe daga baya, musamman inda hasashen yake ɗora laifi a kan wani da ba a taɓa gurfanar da shi ba.