Yadda Ake Haɗa Tamale da Ponce, Abinci da Abin Shan Bikin Ƙarshen Shekara a Meziko

Daga ranar 16 zuwa 24 ga Disamba, Kiristocin ƙasar Meziko suna yin wani biki na dare tara da suke kira Posadas, inda maƙwabta ke fitowa da kyandir suna bi gida-gida suna waƙa, don tunawa da yadda Maryamu da Yusufu suka yi ta neman masauki a Baitalami. Al'adar ta faro ne a ƙarshen ƙarni na 16 a garin Akolman, kusa da babban birnin ƙasar. Duk gidan da ya buɗe ƙofa a daren, wajibi ne ya ciyar da baƙi, kuma abin da aka fi fitarwa shi ne tamale da ponce. Tamale ƙullun masara ne da ake zuba wa nama da miya a tsakiya, a naɗe a ɓawon masara a turara, wanda ya san alalar ganye ko dokunun mutanen Gana zai gane kamanninsa nan take. Ponce kuwa ruwan 'ya'yan itatuwa ne da ake dafawa a sha da zafi. Abin da ya ja hankalina ga waɗannan biyu shi ne, kusan duk kayan haɗinsu suna nan a kasuwanninmu, daga masara da tsamiya har zoɓo da mazarƙwaila. Bambancin yana cikin yadda ake sarrafa masarar, kuma a nan zan fi tsayawa.

Gyaran masara: aikin daren jajibiri

Mu idan za mu yi tuwo, surfe muke yi mu fitar da dusa a turmi ko a inji. Mutanen Meziko kuwa dafa masarar suke yi a ruwa mai kaifi, wato ruwan toka ko na farar ƙasa, har fatar ta saki da kanta, kuma sun gaji wannan dabara tun dubban shekaru kafin zuwan Sifaniyawa. Suna kiran masarar da aka gyara haka nistamal, kalmar da ta fito daga harshen Nahuwatil na 'yan asalin ƙasar, kuma rabinta na farko yana nufin toka. Hikimar ba ta tsaya ga cire fata ba. Ruwan yana sakin sinadarin nayasin da ke ɗaure a cikin ƙwayar masara ta yadda jiki zai iya amfana da shi, shi ya sa cutar pelagra, mai lalata fata da kawo gudawa, ta addabi talakawan Italiya da na jihohin kudu na ƙasar Amurka da suka rungumi masara ba tare da wannan dabara ba, alhali mutanen da masarar ta fito daga ƙasarsu sun tsira daga gare ta. Haka kuma shi ne ke sa ƙullun ya yi danƙo ya riƙe kansa, ya kuma ba shi wani ƙamshi na musamman da garin masara na yau da kullum ba ya da shi.

A auna busasshiyar masara kilo 1, fara ko ja, a tsince ta a wanke. A zuba ruwa lita 3 a tukunyar ƙasa ko ta silba mai kauri wadda ba ta dalma ba, domin ruwan mai kaifi yana cin dalma ya ɓata launin masarar. A narkar da giram 10 na farin garin da suke kira kal, wato ƙonannen dutsen farar ƙasa da aka tace domin abinci. A kiyaye, wanda magina ke shafe bango da shi ba na ci ba ne, kada a kusance shi. Wanda bai sami kal ba sai ya koma ga asalin dabarar, ya tankaɗe tokar itace mai tsabta wadda ba a ƙona leda ko kananzir a cikinta ba, ya jiƙa ta, ya tsiyaye ruwan tokar kamar yadda iyayenmu ke yi don miya, ya dafa masarar da shi. Da zarar masarar ta shiga za a ga launinta ya juya zuwa rawaya mai haske, alamar ruwan ya kama ke nan.

A bar ta a wuta marar ƙarfi na minti 30 zuwa 45. Ba a so ta nuna lugub. Gwajin shi ne a ɗauko ƙwaya ɗaya a murza tsakanin yatsu: idan fatar ta zame, kuma da aka gatsa aka ga gefen ya yi laushi amma tsakiyar tana da sauran fari, to a sauke. A rufe tukunyar a bar masarar ta kwana a ruwanta, awa 8 zuwa 12. Da safe a zubar da ruwan, a cuɗa masarar da tafin hannu cikin ruwa mai tsabta sau uku ko huɗu har santsin ya tafi. Sai a kai inji a niƙa da ɗan ruwa kaɗan ƙwarai, a kuma roƙi mai injin kada ya markaɗa ta kamar ƙullun koko. Ana son ta fito da kauri, mai ɗan tsaki-tsaki, wadda za a iya dunƙulawa a hannu ba ta zuba ba. Wanda ke zaune inda ake sayar da Maseca, wato busasshen garin masarar da aka riga aka gyara haka, zai iya tsallake duk wannan, ya kwaɓa garin da romo mai ɗumi, sai dai a ganina ɗanɗanon bai kai na masarar da ta kwana a tukunya ba.

Nama da miya

A dafa kaza guda da albasa, tafarnuwa da gishiri har ta yi laushi, a yagalgala tsokar siri-siri, a adana romon domin shi ne ruwan kwaɓin ƙullu. Jar miyar tamale ta dogara ne da busasshen barkono iri biyu, gwahiyo da anco, waɗanda ƙamshi da launi suka fi yawa a cikinsu fiye da yaji. Busasshen tattasai shi ne mafi kusa da su a wajenmu, a ƙara masa barkono biyu ko uku gwargwadon yadda mutanen gida ke son yaji. A ɗauki tattasan guda 10 zuwa 12 a cire 'ya'yansu, a ɗan gasa su a busasshen kasko na daƙiƙoƙi kaɗan har ƙamshi ya tashi, kada a bari su yi baƙi domin ɗaci zai shiga miyar kuma ba ya fita. A jiƙa su a ruwan zafi minti 20, a markaɗa da tafarnuwa huɗu, rabin albasa da ludayi biyu na romo, a tace, a soya a ɗan mai minti 10 har ta yi kauri, sannan a juye naman a ciki. A sa gishiri ya ɗan fi na miyar yau da kullum ji, saboda ƙullun zai shanye wani kaso. A bar ta ta huce sarai kafin naɗi.

Bugun ƙullu

A nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi a karon farko, domin na ɗauka zuba mai a juya ya wadatar, sai tamalen suka fito da nauyi kamar tuwon da ya kwana. A Meziko da kitsen alade aka saba yi, amma man shanu ko narkakken kitsen sa da aka bari ya daskare yana maye gurbinsa ba tare da wata asara ba. Ga kowane kilo 1 na ƙullu ana buƙatar giram 250 na man, ƙaramin cokali biyu na bekin foda, ƙaramin cokali biyu na gishiri, da romo mai ɗumi kamar kofi ɗaya.

Man ake fara bugawa shi kaɗai, da hannu ko da na'ura, har ya yi fari ya kumbura kamar kirim, abin da zai ci minti 5 da na'ura, ko kusan 15 da hannu. Iskar da aka tara a cikin man ita ce za ta sa tamalen ya yi taushi. Daga nan sai a riƙa saka ƙullun dunƙule-dunƙule ana ci gaba da bugu, ana tsiyaya romo kaɗan-kaɗan, har haɗin ya koma mai laushin da za a iya shafa shi da bayan cokali ba tare da ya zuba ba. Matan Meziko suna da gwaji mai sauƙi da ya kamata kowa ya riƙe: a gutsuri ƙullu kamar girman gyaɗa a jefa a kofin ruwan sanyi. Idan ya taso sama ya yi, idan ya nutse a koma bugu na wasu mintuna a sake gwadawa. Kada gajiya ta sa a yi wa wannan gwaji ha'inci, domin sakamakon zai bayyana a faranti.

Naɗi da turarawa

Tun kafin a fara bugu a jiƙa busasshen ɓawon masara a ruwan zafi na rabin awa ko fiye, a ɗora masa wani abu mai nauyi don ya nutse. A zaɓi manya masu faɗi, ƙananan kuma a yayyaga su a yi igiyar ɗauri. A jihar Wahaka da yankunan kudu masu zafi da ganyen ayaba suke naɗewa, bayan an ɗan kara shi a wuta ya yi laushi, kuma wannan zaɓi ne mai kyau ga wanda ɓawon masara ya yi masa wuyar samu.

A shimfiɗa ɓawon a tafin hannu, gefen mai santsi yana sama, a shafa babban cokali biyu na ƙullu a ɓangaren mai faɗi, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita, a bar wutsiyar da gefuna babu komai. A zuba cokali ɗaya na nama a tsakiya, a haɗa gefen dama da na hagu yadda ƙullun zai rufe naman, a lanƙwaso wutsiyar sama, a ɗaure idan ana so. Bakin sama a buɗe yake zama. Kilo 1 na ƙullu yakan ba da kimanin 25. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa suke da suna na musamman ga zaman, tamalada, inda kaka da 'ya'ya da jikoki ke jeruwa a teburi, wannan na shafa ƙullu, wancan na zuba nama, wata na naɗewa, ana hira har ɗaruruwa su taru. Suna ma cewa idan mai girki ta yi fushi tamalen ba za su nuna daidai ba, kuma ko da ba a ɗauki maganar a zahirinta ba, gaskiya ne cewa naɗin gaggawa yakan fashe a tukunya.

Madambaci ya dace da wannan aiki sosai. A zuba ruwa a tukunyar da ke ƙarƙashinsa yadda ba zai taɓa tamalen ba, a jefa tsabar kuɗi guda mai tsabta a ciki: muddin ana jin ƙararta ruwa na tafasa, idan ta yi shiru ruwa ya ƙone, sai a ƙara na zafi ta gefe. A shimfiɗa ɓawo a ƙasan madambacin, a jera tamalen a tsaye bakinsu na kallon sama, suna jingine da juna ba tare da matsi ba, a lulluɓe da sauran ɓawon da tsumma mai tsabta, a rufe. Bayan awa ɗaya da kwata a ciro guda a bar shi minti 5 ya sha iska kafin a buɗe, domin da zafinsa kowane tamale yakan yi kamar bai nuna ba. Idan ɓawon ya rabu da ƙullun tas, an gama. Idan ya manne, a ƙara minti 15.

Ponce

Yayin da madambaci ke kan wuta sai a ɗora tukunyar ponce. Ɗan itacen da ya fi muhimmanci a cikinsa a wurin 'yan ƙasar shi ne tehokote, ɗan ƙarami mai launin lemo da ke kama da ƙaramar tuffa, wanda ke nuna a tsaunukan Meziko daidai lokacin sanyi. Ba ya samuwa a wajenmu, don haka a ƙara yawan tuffa mai ɗan tsami a madadinsa. Sauran kayan kuwa namu ne. Sukarin da suke kira pilonsiyo, ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, wato mazarƙwaila ba ragi ba ƙari. Furen da suke kira hamaika shi ne zoɓo, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon da manoman Jigawa da Kano ke nomawa, ta yadda mai yiwuwa ne kofin da wani ke sha a can daga gonakinmu ya fito.

A tafasa ruwa lita 4 da mazarƙwaila giram 300, sandar kirfa uku da kanumfari huɗu. A fere rake gaɓa uku a tsaga shi kamar tsawon yatsa, a ɓare tsamiya biyar ko shida, a zuba su tare a bar su minti 20. Zoɓon kuma, cikin tafin hannu ɗaya ya isa, gara a dafa shi daban a tace ruwan a cikin tukunyar, domin idan ya daɗe a wuta tsaminsa yakan danne komai. Sai tuffa uku da aka yanka da zabibi rabin kofi, a ba su minti 15. Gwaba ce ta ƙarshe, guda shida zuwa takwas a raba huɗu-huɗu, minti 10 kacal, domin saurin narkewa take yi, kuma ƙamshinta shi ne ke cika gida ya sanar da maƙwabta abin da ake dafawa. A ɗanɗana, idan tsami ya yi yawa a ƙara mazarƙwaila.

Da zafi ake shan sa, a ƙananan kofunan ƙasa, kowane kofi da 'ya'yan itacensa da sandar rake da za a tsotsa a ƙarshe. Wasu manya a can suna ɗiga masa barasa a kofinsu, amma wannan ƙari ne na mai so, poncen da ke tukunya ba shi da ita, shi ya sa yara da tsofaffi ke sha daga tukunya ɗaya. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da leɓe, ya dace da mu kamar don mu aka yi shi. Idan kuma zafi ake yi, a tace shi a sanyaya, a markaɗa abarba rabi a zuba, a matsa lemun tsami biyu, a sha da ƙanƙara.

Bikin nasu ba ya ƙarewa da Kirsimeti. Ranar 6 ga Janairu ana yanka wani zagayayyen burodi mai suna roska wanda aka ɓoye ɗan mutum-mutumin jariri a cikinsa, kuma duk wanda ya ci karo da shi a yankinsa, shi zai ciyar da jama'a tamale ranar 2 ga Fabrairu. Saboda irin wannan hidima ne iyalai ke yin su da yawa su adana, domin dafaffen tamale yana kwana uku zuwa huɗu a firji, yana kuma yin watanni a firiza cikin ɓawonsa. Idan za a ɗumama, a mayar da shi madambaci minti 15, ko a ɗora shi da ɓawonsa a busasshen kasko ana juyawa har ɓawon ya fara baƙi-baƙi, gefen ƙullun ya yi ƙamas-ƙamas.