Yadda ake raba kuɗi tsakanin farautar sabbin 'yan wasa da riƙe na gida a ƙwallon jami'o'in Amurka

Duk wanda ya saba da ƙwallon Turai, abin da zai fara ɗaure masa kai a ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga da ita, shi ne babu cinikin ɗan wasa tsakanin ƙungiya da ƙungiya. A Turai idan ka raini yaro wani ya zo ɗauka, sai ya ajiye kuɗi. A nan kuwa jami'a za ta yi shekara biyu tana ciyar da yaro, tana gina masa jiki, tana koya masa wasa, ranar da ya fara ɗaukar ido sai ya sa sunansa a rajistar sauya sheƙa ya kama gabansa. Galibi wadda ta ɗauke shi ba ta biyan wadda ta raine shi ko sisi.

Da ba haka abin yake ba. NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe rajistar a 2018. A 2021 ta yarda ɗan wasa ya sauya jami'a sau ɗaya ba tare da zaman benci na shekara guda ba, kuma daga 1 ga Yulin shekarar ya samu damar cin kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL. A 2024 aka cire iyakar sauya sheƙar gaba ɗaya. Sai ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye daga asusunsu. Tun daga nan kowane koci ke da ƙofa uku da kuɗi ke fita: yaran sakandare, masu sauya sheƙa, da 'yan gida da yake so su zauna. Idan an ɗora maka wannan aikin, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: San abin da ke cikin aljihunka

A shekarar farko ta tsarin, 2025 zuwa 2026, iyakar abin da jami'a za ta raba wa 'yan wasanta na dukkan wasanni ita ce kusan dala miliyan 20.5. Manyan jami'o'i da dama suna ware wa ƙwallon kusan kashi 75 cikin 100, wato wajen dala miliyan 15. Gurbin 'yan wasa kuma 105 ne. Wannan kaso na jami'a shi ne kuɗin da za ka iya rantsuwa a kansa. Akwai na biyu, kuɗin talla da attajiran tsofaffin ɗalibai ke haɗawa, amma duk yarjejeniyar da ta kai dala 600 sai an kai ta gaban masu tantancewa, kuma suna iya cewa ba ta yi ba. Saboda haka rubuta su a shafi daban-daban. Kada ka yi wa yaro alkawari da kuɗin da ke aljihun wani attajiri wanda ransa ke ɓaci duk ranar da aka ci ku.

Mataki na 2: Sa wa matsayi farashi kafin ka sa wa mutum

Kafin ka kalli sunan kowa, zauna ka raba kasafin bisa matsayi. Kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, shi ne mafi tsada, ba gardama. Bayansa sai ƙaton da ke tsare masa gefen da ba ya gani, da mai kutsawa daga gefe ya kayar da kwatabak ɗin abokan karawa, da mai tsare masu cafe ƙwallo. Ƙungiyoyin NFL, gasar ƙwararru ta wannan ƙwallo, sun daɗe suna wannan lissafi, shi ya sa jami'o'i suka koma ɗaukar manajoji irin nasu: Stanford ta ɗauko tsohon kwatabak ɗinta Andrew Luck a ƙarshen 2024, North Carolina ta kawo Michael Lombardi tare da koci Bill Belichick, Oklahoma ta ɗauki Jim Nagy. Amfanin wannan takarda shi ne ranar da wakilin ɗan wasa ya bugo waya yana cewa wata jami'a ta yi tayin ninki biyu, kana da abin dubawa ban da bugun zuciyarka.

Mataki na 3: Fara da 'yan gida, kuma ka fara da wuri

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci, domin riƙe ɗan wasa ba ya shiga kanun labarai. Magoya baya suna ihu idan an kawo baƙo, ba wanda ke tafi don ƙaton da ke tsakiyar katangar da ke kare kwatabak ya ce zai ƙara shekara. Amma Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe. Ɗan gida ka san gwiwarsa, ka san ko yana zuwa atisaye a kan lokaci, ka san yadda fuskarsa take idan ana cin ku da maki 14. Ya haddace tsarin wasanku. Baƙo kuwa bidiyonsa kawai ka gani, wanda aka tsince wuraren da ya yi kyau.

Tun tsakiyar kaka, wajen Oktoba, kasa 'yan wasanka uku. Kashi na farko waɗanda idan suka tafi kakar baɗi ta tafi da su; ba su cika wuce 15 zuwa 20 ba. Na biyu waɗanda kake so su zauna amma a kan farashin da ka yanka. Na uku waɗanda ya kamata ka gaya musu gaskiya cewa ba za su samu wasa a nan ba, su nemi wani wuri tun da sauran lokaci. Na farkon ka zauna da su da iyayensu da wakilansu kafin wasan ƙarshe, takarda a kan tebur. Doka ta hana wata jami'a tuntuɓar ɗan wasan da bai sa sunansa a rajista ba, amma kowa ya san wayoyi suna ƙara tun Nuwamba. A Yunin 2025 har kotu Wisconsin ta kai Miami kan zargin ta zawarci Xavier Lucas alhali yana da yarjejeniya da ita. Idan ka jira kasuwa ta buɗe, ba kai ke yanka farashi ba, mai tayi daga waje ne.

Dubi Ohio State a 2024. An yi ta maganar cewa tawagar ta ci kusan dala miliyan 20, mutane suna ambaton baƙin da aka kawo: Will Howard daga Kansas State, Quinshon Judkins daga Ole Miss, Caleb Downs daga Alabama. Amma ƙashin bayan tawagar 'yan gida ne da suka isa shiga NFL suka fasa: Jack Sawyer, JT Tuimoloau, TreVeyon Henderson, Denzel Burke, Donovan Jackson da Emeka Egbuka, wanda ke da tushe a Najeriya ta wajen mahaifinsa. A wasan kusa da na ƙarshe da Texas, ana saura 'yan mintuna, Texas na bakin layin ci, Sawyer ya kutsa ya buge ƙwallon daga hannun kwatabak ɗin Texas Quinn Ewers, tsohon abokin ɗakinsa, ya tsince ta ya ruga yadi 83. Wannan gudun kuɗin riƙe ɗan gida ne ya saye shi. Ranar 20 ga Janairun 2025 suka doke Notre Dame da 34 da 23 suka ɗauki kofi.

Idan ra'ayina ake nema, a kowace dala 100 ta kasafi, 60 zuwa 65 na 'yan gida ne, wajen 20 na masu sauya sheƙa, 10 zuwa 12 na yaran sakandare, ragowar ajiya. Ba aya ba ce. Sabon kocin da ya tarar da kango dole ya juya lissafin a shekarar farko.

Mataki na 4: Yaran sakandare, ka saya da yawa, kada ka saya da tsada

Yaron sakandare shuka ne. Akasarinsu sai shekara ta biyu ko ta uku suke fara wasa sosai, musamman ƙattan katanga da jikinsu ke buƙatar lokaci. Matsalar ita ce lokacin da shukar ta nuna, yana da 'yancin tafiya. A 2022 Texas A&M ta ɗebo ajin yaran sakandare da masu jera sunayen gwanaye suka ce ba a taɓa ganin irinsa ba. A kakar ta ci wasa 5 aka ci ta 7. A Nuwamban 2023 aka sallami koci Jimbo Fisher da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75, taurarin ajin irin su Walter Nolen da Evan Stewart kuma suka koma Ole Miss da Oregon.

Wannan ba dalilin daina zuwa sakandare ba ne. Wanda ya daina shuka, kullum a kasuwa zai ci abinci, a farashin kasuwa. Abin yi shi ne a fara yaro da kuɗi kaɗan, a rubuta masa ƙari idan ya fara wasa, babban kuɗin ya zo a shekara ta biyu da ta uku. A bar zuba miliyoyi sai ga wanda zai shiga fili tun ranar farko, irin Jeremiah Smith da ya yi wa Ohio State aiki tun shekararsa ta farko. Irinsu ba su da yawa, kuma kowane koci yana ganin nasa yaron ne.

Akwai wani tarko a kalanda. Yaran sakandare suna sa hannu a farkon Disamba, kasuwar sauya sheƙa kuwa daga 2026 sau ɗaya take ci, 2 zuwa 16 ga Janairu. Ke nan za ka ɗaure kuɗi a kan yara kafin ka tabbatar da wanda zai tafi. Wani dalilin ke nan na gama mataki na 3 da wuri.

Mataki na 5: Shiga kasuwa da jerin cefane

Kasuwar sauya sheƙa ta toshe ɓaraka ce. Rubuta guraben da babu mai cike su a gida, biyar ne ko takwas, da iyakar abin da za ka biya a kowanne, ka tsaya a nan. Florida State ta ci wasa 13 a jere a 2023 da taimakon baƙi, manyan suka tafi, ta sake komawa kasuwa, a 2024 ta ci 2 aka ci ta 10. Koci Deion Sanders ya kusan sauya tawagar Colorado kakaf a 2023: wasa 4 a shekarar farko, 9 a ta biyu, da ɗansa Shedeur da Travis Hunter suka wuce NFL sai aka dawo 3.

Mai gardama zai ce to Indiana fa? Gaskiya ne, koci Curt Cignetti ya gina tawagarsa da masu sauya sheƙa, ya ci wasa 11 a 2024, a kakar 2025 kuma ya ɗauki kofin ƙasa ba a doke shi ko sau ɗaya ba, da kwatabak Fernando Mendoza da ya zo daga jami'ar California. Amma a duba da kyau. 'Yan wasa 13 ya taho da su daga jami'ar James Madison, inda ya horar da su da kansa. A takarda baƙi ne, a wurinsa 'yan gida ne. Sauran kuma ya fi neman waɗanda suka riga suka buga wasanni da yawa a ƙananan jami'o'i, ba masu suna tun sakandare da suka sha zaman benci ba.

Kafin ka yi wa baƙo tayi, tambayi kanka abu ɗaya: idan wanda ke wannan matsayi a gida ya ji adadin, zan iya kallon idonsa? Zai ji kuwa. Ɗakin sauya kaya ba ya riƙe sirri, wakilai ma suna magana da juna. Ka ba baƙo dala dubu 600 alhali ɗan gida da ya fi shi wasa yana karɓar dubu 250, ka sayi mutum ɗaya ka sayar da biyu. Don haka farashin baƙo na gaskiya shi ne kuɗinsa haɗe da ƙarin da za ka yi wa na gida.

Mataki na 6: Komai a rubuce

A Satumban 2024 kwatabak ɗin jami'ar UNLV, Matthew Sluka, ya ajiye wasa bayan sun ci wasa uku a jere. Ɓangarensa ya ce an yi masa alkawarin dala dubu 100 da baki ba a cika ba, jami'ar ta musanta. Ya tafi a lokacin ne domin bisa dokar wancan lokaci, wanda bai wuce wasa huɗu ba, ba a lissafa masa kakar cikin shekarunsa huɗu na wasa. Rubuta adadi, da ranar biya, da abin da zai faru idan ɗan wasa ya tafi kafin wa'adi. Biya wata-wata, kada ka zube rabin kuɗin a Janairu. Wanda kake so ƙwarai, ba shi shekara biyu.

Mataki na 7: Ajiye na ɓacin rana, ka kuma san inda za ka ce a'a

Ragowar nan ta dala 5 zuwa 8 cikin 100 tana da aiki: yaron da ya fashe da wasa ba zato a tsakiyar kaka, dole a gyara masa kafin wasu su gyara masa. Amma ajiya ba ta biyan duk wanda ya ɗaga murya ba ce. A Afrilun 2025 Nico Iamaleava, kwatabak ɗin da ya kai Tennessee gasar fitar da zakara, bai zo atisaye ba ana tsakiyar rahotannin neman ƙarin kuɗi. Koci Josh Heupel ya ce a rabu. Iamaleava ya tafi jami'ar UCLA, Joey Aguilar da ke can ya taho Tennessee, kamar an yi musaya. A kakar Tennessee ta ci wasa 8, UCLA ta ci 3.

Adadin da ba za ka wuce ba a kan kowane ɗan wasa, rubuta shi tun Oktoba lokacin da kanka ke sanyi, koci da manaja da daraktan wasanni su sa hannu. Kusa da kowane suna kuma rubuta sunan wanda zai maye gurbinsa idan ya tafi, na gida ne ko na waje, da abin da shi zai ci. Idan ka zo kan wani suna ka rasa abin rubutawa a gefensa, mayar da shi kashi na farko ka kira wakilinsa a makon nan.