Yadda zaka kalli bidiyon hatsarin jirgin yaki a kan jirgin ruwa ka gane me ya faru

Irin bidiyon nan da ake ta turowa a WhatsApp da Facebook, jirgin yaki ya zo sauka a kan katon jirgin ruwa ya tarwatse ko ya zarce cikin teku, yawancin mutane wutar kawai suke kallo su ce innalillahi su wuce, wasu kuma nan take su yanke hukunci wai harbo shi akayi ko matukin bai iya ba. Alhali amsar tana cikin dakika biyar din da suka gabaci faduwar. Can zaka maida bidiyon baya, ka rage masa gudu in wayarka tana yi.

Fara da tambayar kanka, tashi ne ko sauka? Domin matsalolinsu daban ne. Doro, wato filin saman jirgin ruwa inda ake tashi da sauka, a manyan jiragen ruwan Amurka irin su Nimitz tsawonsa wajen mita 333 ne, ga jirgin yaki wannan ba komai bane, shi yasa wajen tashi ake makala kafarsa ta gaba a wata na'ura da take harba shi kamar dutse a bakin danko, cikin dakika biyu ya kai gudun kilomita 250 da wani abu a awa. Tsofaffin da tururi suke aiki, sabon Gerald R. Ford kuma da lantarki. To idan kaga jirgi ya taho a sanyaye ya kai bakin doro ya dan yi kasa bai dago ba, ka fara zargin na'urar bata bada cikakken karfi ba ko inji ya gaza, a nan matuki bashi da birkin da zai cece shi sai dai ya ja kujerar tsira, wadda take harbo shi waje ya sauka da lema.

Amma ka duba gaban jirgin ruwan tukuna. In kaga ya dan tashi sama kamar tudu to babu na'urar harbawa, jirgin da karfin injinsa kadai yake tashi, haka na Ingila da na Rasha suke. A watan Nuwamban 2021 wani jirgin yaki F-35B na Ingila ya taho zai tashi daga HMS Queen Elizabeth a tekun Bahar Rum, inji ya kasa bada karfi, matukin yayi kokarin tsayawa fili ya kare ya fice da lema jirgin ya gangara ruwa. Da aka bincika, murfin da ake toshe bakin injin dashi in an ajiye jirgi ne ya makale a ciki ba wanda ya lura. Murfi fa kawai, ya kai jirgin miliyoyin fam kasan teku.

Sauka ita ce babbar magana, a nan zaka dade. Jirgin yana da kugiya a wutsiya, a kan doro kuma an shimfida igiyoyin karfe uku ko hudu, aikinsa ya kamo daya, a masu hudu ta uku ake so. In ya kama, cikin mita dari ko makamancin haka ya tsaya cak. Abin da yake rikita mutane shine da tayoyi sun taba kasa matuki totur yake bawa inji gaba daya maimakon ya rage, sai kaji ana cewa kai wannan ya rude. Bai rude ba, haka doka tace, saboda in kugiya ta kuskure igiya yana da gudun da zai sake tashi ya zagayo, kuma shi yasa filin saukar yake a karkace kadan don kada ya afka wa jiragen da aka jera a gaba. Don haka in kaga jirgi ya taba kasa ya sake tashi ba hatsari bane sam, kullum ana yi.

Abin da zaka sa wa ido shine tsayin jirgin kafin ya iso. A gefen hagu akwai fitilu da suke nuna wa matuki ko yayi sama da yawa ko yayi kasa, sannan ga wasu kwararrun matuka tsaye a bayan doro da rediyo suna yi masa magana, in sunga abin bazai yiwu ba su kunna jar wuta ya fasa. Idan kaga jirgi yana nutsewa kasa da layi hancinsa ya daga, ka san gindin doron zai daka. Haka ya faru ranar 24 ga Janairun 2022 a kan USS Carl Vinson a tekun kudancin Sin, F-35C ya bugi bakin doro ya kama da wuta yana juyi har ya fada ruwa, mutum bakwai suka ji rauni har da matukin da ya fice. Wannan kam bincike ya dora laifin a kan matuki, ya zabi saurin shigowa bai kammala duba abubuwan sauka ba, inji bashi da isasshen karfi. Daga baya sai da Amurkawa suka ciro jirgin daga zurfin wajen mita 3,800, ni dai ina ganin tsoron kar wasu su riga su ne.

Wani lokacin kuma inji ne yake cin amana a daidai wannan gabar. Kara Hultgreen, mace ta farko da ta tuka F-14 a rundunar yaki ta sojan ruwan Amurka, ta rasu ne a watan Oktoban 1994 tana shirin sauka a kan jirgin ruwa Abraham Lincoln, injin hagu ya shake jirgin ya kife. Abokin aikinta na baya kujerarsa ta fara fita ya rayu, tata ta biyo baya da kasa da dakika daya, lokacin jirgi ya riga ya juya, ta harba ta cikin ruwa. Saboda haka in kaga kujera ta fita ka duba ina jirgin ya fuskanta a lokacin.

Idan jirgi ya sauka lafiya ya kama igiya yana rage gudu sai kuma kaga ya cigaba da tafiya a hankali, igiya ce ta tsinke, kuma wlh wannan yafi komai muni domin gudun ya ragu yawanci bazai iya tashi ba sannan bazai tsaya ba. A nan ka daina kallon jirgin ka kalli mutanen doro, igiyar tana dawowa ne da karfin da zai karya kafafu. Bidiyon jirgin ruwa George Washington na 2003 shine wanda wani mai riga ruwan dorawa ya tsallake igiyar har sau biyu, F/A-18 din ya tafi ruwa. Na Eisenhower a 2016 kuma jirgin E-2C ne, ya bace a kasan doro kowa ya dauka shikenan sai gashi ya dago, amma mutum takwas sun ji rauni. Rasha ma a karshen 2016 ta rasa MiG-29K da Su-33 daga Admiral Kuznetsov a gabar Siriya, dukkansu maganar igiyoyin ce. Ko a watan Mayun 2025 Harry S. Truman ya rasa F/A-18F a tekun Bahar Maliya wajen sauka, mutum biyun suka fice da rai.

Kalar riguna ma zata taimaka maka. Ruwan dorawa masu bada hannu ne, kore masu kula da na'urar harbawa da igiyoyi, ja masu makamai da kashe gobara, shunayya masu mai. In kaga jajayen riguna sun nufi waje daya da gudu to can matsalar take.

Kafin ka tura wa wani kuma dan Allah ka duba ko bidiyon na gaske ne. Akwai wasan kwamfuta DCS World da ake yanko hotunansa a ce yaki ne na jiya, ka lura da hayakin da ruwan, sun cika tsafta, kyamara kuma tana bin jirgi ta inda dan Adam bazai iya tsayawa ba. Wasu kuma na gaske ne amma tsofaffi, kamar na jirgin yaki Panther din da ya rabe biyu a kan USS Midway tun 1951, wanda matukinsa ya rayu. Nemi lambar da ke jikin jirgin ruwan, 70 Carl Vinson ne, 73 George Washington, 75 Truman, ka hada da irin jirgin ka bincika, yawanci shekarar zata fito maka.