Yadda na gyara gurnanin tayar gaba a tsohuwar Hilux ɗina

Wata guda motar na wani gurnani da zarar na wuce kilomita 60 a awa, musamman a hanyar Kano zuwa Zariya. In na karkata sitiyari dama ƙarar ta ƙaru, in na yi hagu ta lafa. Na fara zargin taya, na yi musu musaya gaba da baya, amma ƙarar ba ta daina ba. Na duba birki, lafiya lau.

Sai na ɗaga gaban da jak, na kama tayar hagu sama da ƙasa na jijjiga, na ji ƙwal-ƙwal. Boris ne, wato ƙarfen da ke cikin tsakiyar taya wanda take juyawa a kansa.

Na cire taya da birki, na ɓalle hular tsakiya, na zare fil ɗin da ke hana noti kwancewa, na kwance notin. Giris ɗin ya koma baƙi ƙirin, ga ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Na canza boris na ciki da na waje har da zoben da suke gudu a kai, don sabon boris a tsohon zobe asarar kuɗi ce. Na wanke wurin da kalanzir, na cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, na sa sabon sil, wato robar da ke hana giris zubewa.

Ɗaurin notin shi ne sirrin: na ɗaure ina juya tayar don boris ya zauna, na sassauta, na sake ɗaurewa da hannu kawai har wasan ya ɓace, sannan sabon fil.

Alhamdu lillahi, na yi kilomita 20, na taɓa tsakiyar tayar, ɗumi kaɗan, ƙara babu.