Kafin ku sayi tsohuwar taswirar Holand

Kada ku biya kuɗin taswirar yankunan da Holand ta mallaka, kamar Batavia (Jakarta ta yanzu, a Indonesiya) ko Elmina (a Ghana), sai kun ɗaga takardar kun haska ta.

A ƙarni na 17, lokacin da gidan Blaeu ke buga taswirori a Amsterdam, da hannu ake yin takarda, shi ya sa za ku ga siraran layuka a jere cikin jikinta. Ku kuma shafa gefen zanen, domin farantin jan ƙarfen da ake danna wa takarda wajen buga taswirar yakan bar ɗan lotsawa da yatsa ke ji. Kwafin zamani kuwa sumul yake.

Dabarar haskawa ba ta aiki idan an manna taswirar a kan kwali. Akwai kuma mazambata masu bugawa a tsohuwar takarda, don haka idan kuɗin da yawa, ku nemi ƙwararre ya duba.