Babi na 6: Tsutsar ciki a jikin yara

Darasi na 1: Yadda ake gane ta

Ku sa yatsa a kan layin farko mu karanta tare, a hankali. Wanda wata kalma ta tsaya masa ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne.

Yaro yana sosa duburarsa da dare, yana ta juye-juye a kan tabarma, yana kuka alhali jikinsa ba zafi. Sau da yawa abin da ke damunsa wata 'yar tsutsa ce fara, siririya kamar guntun zaren ɗinki, tsawonta wajen santimita 1. A hanji take zaune. In yaro ya yi barci sai macen ta fito bakin dubura ta zuba dubban ƙwai, shi ke kawo ƙaiƙayin. Ƙwan nan ido ba ya ganinsa.

Uwar gida, ga yadda za ki duba. Bari yaron ya yi barci awa 2 ko 3. Kunna tocilar waya, buɗe ɗuwawunsa a hankali, ki haska. In tana nan za ki ga wani farin abu yana motsi. In ba ki gani ba, sake dubawa gobe da jibi.

Ba shan zaƙi ke haifar da ita ba, ba kuma daga akuya ko kaji take zuwa ba. Daga mutum zuwa mutum take. Yaro ya sosa, ƙwai ya maƙale a farcensa, ya kai hannu baki ko ya tsoma cikin kwanon tuwon da yake ci da ƙannensa. Ƙwan yana iya yin mako 2 zuwa 3 da rai a jikin wando da zanen shimfiɗa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi yanzu.

Darasi na 2: Magani, da kwana 14

Ku je asibiti ko kantin magani na gaskiya. Maganin da ya wuni a rana cikin tiren mai talla, ku bar shi. Ɗaya daga cikin sunaye biyu za ku gani a kwali. Ɗaya ya fara da harafin M, Mebendazole. Ɗaya ya fara da A, Albendazole. Ku kwafe su a littafinku, harafi harafi. Ma'aikacin lafiya zai faɗi yawan da kowa zai sha. Ku gaya masa in akwai yaron da bai kai shekara 2 ba, ko mace mai ciki, musamman a wata 3 na farko. Babban yaro ya tauna ƙwayar. Ƙarami a niƙa masa a cokali da ɗan ruwa, kada a danne shi a ɗura masa yana kuka, zai iya shaƙewa.

Kowa a gida zai sha, rana ɗaya. Har da maigida. Har da wanda ya ce shi ba ya jin ƙaiƙayi.

To, yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa. Sau biyu ake shan maganin nan. Maganin yana kashe tsutsa, amma ba ya kashe ƙwai. Ƙwan da ya rage a farce da wando zai koma ciki ya ƙyanƙyashe. Saboda haka bayan kwana 14 kowa zai sake sha. Ku maimaita da ni: sau biyu, kwana 14 tsakani.

Mu ƙirga. An sha yau Juma'a. Juma'a mai zuwa kwana 7 ke nan, ba a sha. Juma'ar da ke bayanta kwana 14, ranar ake sha. Mutanen wajen Garwa, ku ƙirga da kasuwar Pitowa: an sha ranar Lahadi, kasuwa ɗaya ta wuce, kasuwa ta biyu a sake sha. Na Marwa ku ƙirga da kasuwar Litinin. Mai kalanda ya zagaye ranar farko da biro, ya sauko layi biyu a ƙasanta kai tsaye, ya zagaye wannan ma. An sha ran 3 ga wata? Ƙasanta 10, ƙasanta 17. Ran 17 ke nan. Ku gwada da 5 ga wata. Wanda ya samu 19, madalla. Wanda ya samu 12 ya tsaya a rabi, ya ƙara layi ɗaya, zai iya. Wanda ba shi da kalanda ya ja layi a bango da gawayi kowace safiya har 14.

Ku sayi na sau biyun tun ranar farko, ku ɗaure na biyu a leda, ku rubuta ranar a jiki, ku ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Haba jama'a! Uwa ta ga ɗanta ya samu barci dare uku, sai ta ce ya warke, ta ba maƙwabciya ragowar maganin. Bayan wata biyu yaro ya koma susa, a ce maganin asibiti ba ya aiki. Ba laifin magani ba ne, rabin aiki aka yi. Ku kuma mazan da ke cewa abin yara ne, ku ne kuke ajiye tsutsar a gidan. Kwana nawa tsakani? 14. Sau nawa? Biyu. Wa zai sha? Kowa.

Darasi na 3: Wanki da farce

A cikin kwanakin nan 14, a wanke wa yaro ɗuwawu da sabulu da sassafe, kafin komai, don da dare aka zuba ƙwan. A canja masa kamfai kullum. Kada a kakkaɓe zanen shimfiɗa a ɗaki, ƙwai zai watsu. A naɗe shi, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana. A yanke farce. Bayan tsarki a wanke hannu da sabulu, ruwan buta kaɗai bai isa ba. Haka ma kafin cin abinci. Duk wannan ba ya maye gurbin sha na biyu.

Darasi na 4: Sauran tsutsotsi

Akwai babba mai fita da kashi, tana kai santimita 30, daga ƙasar da aka yi kashi a kai take zuwa, ta hannu da abinci. Akwai mai shiga ta tafin ƙafa tana shan jini. A sa wa yara takalmi, a zuba kashin yaro a masai. Tsila daga naman da bai dahu ba take. Fitsarin jini bayan wanka a Binuwai ko tafkin Lagdo tsargiya ce, maganinta daban, sunansa Praziquantel. In ana raba maganin tsutsa a makaranta, ku bar yara su sha. Yaron da cikinsa ya kumbura yana amai, a kai shi asibiti ranar.

Darasi na 5: Aikin gida

Rubuta sunan kowa na gidanku. Gaban kowane suna ka zana akwati biyu, ka sa kwanan wata a saman kowanne.